Kwana Tara a Ɗakin Kaka

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji uku a firamare a Kwargaba, ana tsakiyar cirar albasa a fadama. Muna zaune gindin bedi, wato dogon yaro, ni da ƙawayena muna yanke lawashin da za a daka a yi gabu, sai na ji wuƙar ta yi mini nauyi. Maƙogwarona kamar an zuba barkono, ga kaluluwa ta fito a wuya. Kafin la'asar zazzaɓi ya kayar da ni. Baba ya aika Wurno aka sayo kafso ja da baƙi a kemis, don a lokacin in ba ka sha ja da baƙi ba, to ba ka fara jinya ba.

Wajen kwana shida ina sha, sai ƙuraje jajaye suka feso mini tun daga ƙirji har tafin hannu. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗaga rigata ta duba, ta ce baƙon dauro ne, don a gidanmu ba a kiran ƙyanda da sunanta. "Alhamdu lillahi, ya hito. Ku ƙaro magani shi ida hitowa." A saninta, wanda ya koma ciki shi ke kisa, wanda ya fito kuwa an tsira. Nan take ta kai ni ɗakinta, ta toshe taga da tsumma, ta saki asabari. Ba wanka, ba fita, kada iska ta taɓa ni.

Kai, na ga ta kaina a ɗakin nan. Zafin bazara ya haɗu da warin daddawa da man shanu, ƙaiƙayi kuma ba ya bari in runtsa, har sai da Kaka ta ɗaure mini hannuwa da ɗankwali kada in yage fatata. Ina kwance ina jin ƙarfen makaranta, ina jin jakai suna wucewa da buhunan albasa, da yamma kuma ƙawayena suna carafke a bayan katanga, ko mai tambayata babu. Na ƙirga azarar rufin ɗakin har na haddace. Duk kafson da na haɗiye sai ƙurajen su ƙaru, ita kuma Kaka sai murna. Wallahi na ji haushinta, na kuma ji tsoron a ɗakin zan mutu.

Inna ta san na riga na yi ƙyanda ina shekara biyu, lokacin muna zaune a Rabah. Ta faɗa wa Kaka a hankali daga bakin ƙofa, Kaka ta ce, "Ke kinka haihi ubanta ko ni?" Inna ta koma ɗakinta. Ni ce ɗiyarta ta fari, kunya ta hana ta ko kiran sunana, balle ta shigo ta zauna kusa da ni a gaban surukarta. Tuwona ma ajiyewa take yi ta juya.

A kwana na tara leɓɓana suka kumbura, idona ɗaya ya rufe. Inna ta leƙo ta gan ni. Ba ta yi sallama ba, ta yaye asabarin ta ce, "Saratu, tashi." Ta goya ni, ƙatuwa da ni, ƙafafuna suna jan ƙasa, ta fita Kaka tana faɗa. Baba ya biyo mu da kabu-kabu sai asibitin Wurno. Ma'aikacin ya tambayi mi anka ba ni, aka nuna masa. Ya ce a daina nan take. Wannan ba ƙyanda ba ce, zazzaɓin bairas ne, kafso ba ya kashe shi, kuma in jiki yana fama da irinsa, sau da yawa sai ya juya ya yi faɗa da maganin, shi ya kawo ƙurajen nan. Cikin mako ɗaya fatata ta lafa.

Yanzu in na kai yarana asibiti, sai an tambayi ko akwai maganin da jikinsu bai karɓa. Wani likita ma ya ce mini mai yiwuwa ba don zazzaɓin nan ba da kafson bai yi mini komai ba, kuma ana iya gwadawa. Har yau ban je ba. Kaka ta rasu tana cewa ita ta fitar da cutar, ban taɓa musa mata ba. Inna ma ta bi ta. Ina kiran ɗiyata ta fari da sunanta sau goma a yini, ko a jikina. Ni kuwa ranar nan kaɗai na taɓa jin nawa a bakin uwata.