Salula a Cikin Ledar Sukari

A rumfar mai tura fina-finai ta tashar Dogon Dutsi, Mas'uda na tsaye tun hantsi, motar Dumega da za ta shiga kuwa sai cika take yi. Wata mata ce ta tare layi, doguwa, atamfarta ta koɗe. Salularta na naɗe cikin ledar sukari, tana miƙa ta kamar garwashi.

"Ɗan nan, goge min komi! Rediyo ta ce wanda ya tura ƙarya a Watsap, kaso za shi. Ni ina na san ƙarya cikin abin ga?"

"Har fim ɗin, Inna?" in ji mai rumfa.

"Wane fim? Bar min abina, ban ga ƙarshen makirin nan ba!"

Mas'uda na cizon leɓe. Ta san irinsu: masu tura wa dangi kowane wa'azi da kowane maganin basir, yau tsoro ya kama su. Mai rumfa na kai yatsa kan wani saƙo, matar ta cafke hannunsa.

"Banda wannan. Muryar ɗana Luƙman ce, daga Aljeriya, bara waccan. Tun ran nan shiru. In jandarma na so, su ɗauke mu tare."

Motar Dumega na tashi, Mas'uda ko waiwaye ba ta yi ba, idonta na kan matar.