Na Gode, Na Kusa

Duk wanda ya zauna a Mubi a shekarun nan ya san Maharazu Tela, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Shi ne dattijon nan da ake gani da safe a gefen titi, da jamfa da hula da takalmin kambas irin na 'yan makaranta, yana sauri kamar wanda aka aika. Babu wanda ya aike shi. Ciwon suga gare shi, kuma tafiyar tana cikin maganinsa.

Mahaifinsa ne ya zo da sana'ar daga ƙasar Katsina. Da ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu, Shafi'u da Maharazu, shago ɗaya a bakin kasuwa da kekunan ɗinki biyu na ƙafa. Shafi'u shi ne babba, kuma shi ciwon ya fara kamawa. Ya sha sassaƙe, ya sha ruwan shuwaka har fuskarsa ta saba da yamutsewa, amma shayinsa bai taɓa rasa suga ba. Wata rana almakashi ya faɗo masa a kan yatsan ƙafa. Ɗan ciwon da yaro ma ba zai yi wa kuka ba, shi ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya yi wari, har aka yanke ƙafar daga gwiwa. Shafi'u bai daɗe ba bayan nan. Maharazu ya lulluɓe kekensa da buhu ya bar shi a inda yake, ya ƙi sayarwa.

Saboda haka a 2006, lokacin da Maharazu ya fara shan ruwa ba ya ƙoshi, yana zarya bayan gida, har Ummusalma matarsa ta lura tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, bai tsaya neman mai sassaƙe ba. Asibiti ya nufa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar wajen Michika, Sista Eva, ta huda masa yatsa, ta duba na'ura, sannan ta dubi tumbinsa. A lokacin Maharazu ƙato ne, irin wanda in ya shigo wurin ɗaurin aure ake matsa masa tabarma tun bai yi sallama ba.

"Sista, za a yanke?" Abin da ya fara tambaya ke nan, tun ba ta buɗe baki ba.

"Wa ya yi maganan yanka, Malam?" in ji ta. "Suga ba ya warkewa, amma yana jin magana. Ka sha ƙwaya, ka bar zaƙi, ka rage tuwo. Kullum ka duba ƙafan ka, har ƙarƙashi. Kuma ka yi tafiya. Ƙafan da yana tafiya, jini yana kai masa. Wanda ya zauna ne muna jin tsoro."

Tela da keken ƙafa, in ya rasa ƙafa me ya rage? Maharazu ya koma gida da wannan tsoron, kuma bai sake rabuwa da shi ba.

Maganar abinci Ummusalma ce ta ɗauke ta, ta riƙe ta da ƙarfi fiye da yadda shi kansa ya so. Kunun gyaɗa mai suga da yake buɗe safiya da shi ya koma salam. Burodi ya bar gidan, lemon kwalba ya bi shi. Tuwon dawa ya koma malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, miya kuwa ta cika kwano: yau kuɓewa, gobe yakuwa, jibi zogale da wake. Gwangwanin suga ma wajen maƙwabciya ta kai ajiya, don ta san halin mijinta. Ba a son ranta ta yi ba. Miji in ya rame, matarsa ake kallo, kuma ta ji da kunnenta a wurin biki ana cewa Ummusalma ta fara yi wa mijinta rowa. Ta dawo gida ta yi kukanta, washegari kuma ta sake auna malmalar daidai yadda take.

Shi ma ba waliyyi ba ne. Ya sha zamewa wurin suna ya kora lemo mai sanyi, ya goge baki kafin ya iso gida. Sai dai na'urar Sista Eva ba ta rufa asiri. Da ta tona shi sau da yawa, kunya ta sa ya bari.

Tafiyar ce ta zame masa aiki. A garin nan mai abin hawa ba ya wuce dattijon da ya sani yana tafiya a ƙasa. Dole ya tsaya ya ce a rage masa hanya, kuma wanda ya ƙi shiga ya nuna ke nan akwai wata a ƙasa tsakaninsu. Maharazu ya ajiye babur ɗinsa, ya sayi kambas, ya fito da niyyar ya zaga ta hanyar Lamorde kafin ya buɗe shago. Ko kwanar unguwarsu bai sha ba wani ya tsaya. Ya hau, don bai san yadda zai ce a'a ba, aka sauke shi a ƙofar shago ko gumi bai yi ba. Washegari ya yi dabara, ya bari mai babur ya ɓace sannan ya juya ya kama hanyar gida don ya sake tafiyar. Sai wani ya tsaya ya mayar da shi gida. Ummusalma tana shara ta gan shi ya sauko, ta yi dariya har ta saki tsintsiya.

Daga nan ya koyi amsar da ta zame masa suna. Duk wanda ya tsaya, sai ya ɗaga hannu ba tare da ya rage sauri ba, ya ce, "Na gode, na kusa." Ko daga ƙofar gidansa ya fito, ya kusa. Ba a daɗe ba kasuwa ta koma kiransa Malam Na-Kusa.

Surutu ya biyo baya. Wasu suka ce karayar arziki ce, ya sayar da babur yana ɓoyewa. Wasu suka ce girman kai ne. Masu duban ramarsa suka faɗi abin da ya fi haka muni. Har limamin unguwa ya ja shi gefe bayan sallah ya tambaye shi a hankali ko akwai abin da jama'a za su taimaka da shi. Maharazu ya ji zafin tambayar, amma ya amsa a fili inda kowa zai ji: "Allah gafarta Malam, ciwon da ya ci ƙafar yaya Shafi'u ne ya zo neman tawa. Ni kuwa ban shirya bayarwa ba." Tun daga ranar mutane suka sakar masa hanya.

Sai mutum ɗaya. Gabdo direba yana da tsohuwar a-kori-kura da yake jigilar hatsi da ita tsakanin Mubi da Sahuda, kuma duk safiya hanyarsu takan haɗu kusa da gadar mayo, wato rafin garin. Ya ji bayanin ciwon sarai, bai dai yarda da shi ba. A ganinsa likitan da zai ce wa mai furfura ya yi yawo a rana bai san darajar manya ba. Kullum sai ya taka birki, ya leƙo ta taga, ya kira shi da kalmar girmamawa ta Fulani.

"Barkama, ka shigo mana! Mota na ba ya cizo."

"Na gode, na kusa."

"Kullum ka kusa, kullum ba ka kai ba! Wannan ƙafa naka, aro ka yi?"

Sai ya danna hon ya wuce yana dariya, ya bar Maharazu cikin hayaƙi yana masa addu'ar shiriya. Shekara da shekaru haka suke gaisawa. Bai taɓa shiga motar ba, Gabdo kuma bai taɓa fasa tsayawa ba.

A cikin shekarun nan tumbin ya sauka, Maharazu ya rage wa rigunansa faɗi da hannunsa. Ƙishin ya tafi. Tafin ƙafarsa dai ya ɗan yi dindiris, ba ya jin abu sosai, shi ya sa bayan la'asar yakan zauna da madubin Ummusalma yana duba ƙarƙashinsa. Gari ma ya canja. Aka fara jin harbi, aka sa dokar hana fita, aka hana hawa babur. Masu yi masa dariya da yawa suka koma taka sayyadarsu, yana wuce su suna haki.

Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, a ƙarshen Oktoban 2014, Maharazu yana shago. Ya sha ƙwayarsa, ya cire kambas ya ajiye a bakin ƙofa yadda ya saba in zai hau keke, karin kumallonsa na rufe a kwano bai taɓa ba. Da harbi ya matso, kasuwa ta watse. Ya leƙo babu takalman, ƙafafun masu gudu sun yi gaba da su. Ya zura silifas ɗin alwala ya ruga gida, ya kamo hannun Ummusalma, suka bi jama'a ta hanyar Sahuda, wajen iyakar Kamaru.

Ummusalma mace ce mai jiki, ba ta saba da tafiya ba. Ba su yi nisa da gari ba ta zauna a gefen hanya ta ce ya tafi ya bar ta. Yana tsaye a kanta ya rasa abin yi sai ya ji hon ɗin da ya sani. A-kori-kurar Gabdo ce, cike da mata da yara har kan rufi. Gabdo ya sauko da kansa, aka matsa, aka cusa Ummusalma a baya. Wurin mutum biyu babu.

"Barkama, yau kam ba ka kusa ba," in ji Gabdo. Ba dariya yake ba. "Ka zauna a gindin tsamiyan nan. In na sauke su zan koma gari in kwaso wasu, in zan wuce in rage maka hanya."

"To," in ji Maharazu. "Ina jira."

Ya ga wucewar motar da ta dawo babu kowa, ta nufi gari, Gabdo ya danna masa hon. Ya jira. Rana ta take, mutane na ta wucewa da ƙunshi a ka, motar ba ta ɓullo ba. Can sai jikinsa ya fara rawa, gumi mai sanyi ya keto masa, idonsa na ganin abu biyu-biyu. Sista Eva ta taɓa gargaɗinsa cewa mai shan ƙwaya in ya yi wahala bai ci ba, sugan kan faɗi ƙasa, kuma a lokacin zaƙi ne magani. Ya rarrafa cikin gonar da ke bayan tsamiyar, ya karya takanɗa, ya nemi gafarar mai gonar da bai sani ba, ya tauna. Rabonsa da zaƙi irin wannan har ya manta. Da hankalinsa ya dawo, harbin ya ƙara kusa. Ya dubi hanyar gari sau ɗaya, ya tashi ya kama tafiya.

Tafiyar ba ta gagare shi ba. Ya wuce samari da suka zube a inuwa. Silifas ɗin ne suka tsinke a kan duwatsu, ya ƙarasa ba takalmi. Sai da ya tsallaka iyaka ya iske Ummusalma a wani ƙauye, ita ce ta ga jini. Tsinken kara ya shige ƙarƙashin babban yatsansa na dama, ya yi ta takawa a kai bai ji ba.

Ciwon ya kumbura, yatsan ya fara baƙi. Maharazu ya san wannan baƙin, ya gan shi a ƙafar Shafi'u. Da aka kai shi wani ƙaramin asibiti a can, ya kwanta ya juya fuska bango, ya ce su yi abin da za su yi. Likitan ya daɗe yana latsa bayan ƙafar da idon sawu, sannan ya sa aka fassara masa: yatsan ya tafi, amma jini na gudu sosai a ƙafar, ba za a wuce yatsan ba. Ya tambaya ko wane aiki dattijon yake yi da ƙafarsa ta samu jini haka. Ummusalma ce ta amsa, tana share hawaye: "Yawo."

Sun dawo Mubi a farkon 2015. An fasa shagon an kwashe yadudduka, amma kekunan sun yi wa ɓarayi nauyi, har na Shafi'u yana nan da buhunsa. Maharazu ya zuba mai, ya ɗora ƙafa. Da yatsu huɗu keken ya juya, sai dai ya ɗan rage gudu. Ya tambayi labarin Gabdo a tasha, ya tambaya a Sahuda. An ga motar a ƙone a bakin gari. Shi kuwa babu wanda ya sake ganinsa.

Har yau malmala ɗaya ce, har yau madubin na nan bayan la'asar. Ya sayi sabon kambas, yana cusa auduga a gurbin yatsan, kuma da safe yakan fita yana ɗan ɗingishi. Masu keke-napep na yanzu yara ne, ba su san shi ba, wani lokaci sukan tsaya, ya ɗaga musu hannu ya ce ya kusa. Amma in ya iso gadar mayo, inda suka saba haɗuwa da Gabdo, yakan tsaya a gefen titi ya ɗan jima yana duban hanyar gari. Ummusalma ta taɓa tambayarsa ko ƙafar ce ke damunsa a wurin.

"Ƙafa lafiyarta lau," in ji shi. "Na dai ce wa mutumin ina jira."