Mai Jar Tuta a Bakin Gyaran Hanya

Yana tsaye inda hanya biyu ta koma ɗaya, tsakanin gangunan da aka jera, sanye da riga mai ƙyalli wadda kwalta ta ɓata. Gajere ne mai furfura, fuskarsa a murtuke kamar mu muka fasa titin. Minti goma ke nan yana riƙe da jar tuta, idonsa na can kan kwana. Ina jin ko a gidansa ba a motsi sai da izininsa.

Direban tirelar da ke bayana ya leƙo. "Kai tsoho, titin gadonka ne? Ai babu mota!"

"Akwai, ba ka gan ta ba ne," in ji shi, ya ƙara matsowa tsakiyar hanya. Sai ga bas cike da mutane ta ɓullo ta wuce.

Haushinsa nake ji. 'Yata ta rasu bara a wuri irin wannan, domin mai tutar wurin ya tafi shan inuwa.

Yanzu tsohon ya ɗaga koriyar tuta. "A sauka lafiya, ranka ya daɗe."

Na ja motata na wuce. Ina yake a ranar da 'yata ta rasu?