Man Kifin Inna

A shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Abuja, ko'ina ka duba gini ake yi, na ɗauko mahaifiyata daga Zariya ta zauna da mu a Garki. Idonta ne ya fara gajiya. Tana ganin gefe-gefe, amma duk abin da ta kalla kai tsaye sai tsakiyarsa ta dushe, kamar an shafa toka.

Na nemi izini a ma'aikatarmu na kai ta asibiti a Gwagwalada. Likitar ta haska idon, ta ce tsufa ne ya taɓa can cikinsa. Ta ce mu gwada ƙwayoyin man kifi, amma ba ta ɓoye mana ba cewa ba za su dawo da ganin da ya tafi ba, ko hana shi raguwa ma ba ta yi alkawari ba. Ta ce Inna ta yawaita cin kifi da ganye, mu riƙa kawo ta ana dubawa.

Washegari da na taso daga aiki, tun daga ƙofa ƙarni ya tare ni. Na tarar da Inna a kan tabarma ta huda ƙwaya da allura, ta ɗaga kai tana shirin ɗiga man a ido. Kyanwar maƙwabta na zaune a gabanta tana lashe baki.

Na riƙe hannunta na ce, "Inna, haɗiyewa ake yi."

"'Yar nan, ido ne ke ciwo, ba ciki ba," in ji ta.

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa da takalmina. Ita ma da ta gane sai ta fashe, tana share hawaye da gefen zani.

Dariyar ce ta jawo mai kyanwar, wata dattijuwar Bayarabiya da ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba. Da ta ji labarin sai ta dafa kafaɗar Inna ta ce, da irin Hausarta, "Mama, ka sha maganinka, ni zan kawo kifi na gaskiya."

Ranar Asabar kuwa sai ga ta da tukunyar farfesun tarwada, yaji har kunne. Inna ta ci tana gumi tana sa mata albarka. Asabar ta gaba ita ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta sa na kira matar. Sannu a hankali wasu tsofaffin layinmu suka shigo, ana ci ana gardamar wa ya fi wani rashin gani.

Idon bai warke ba, ƙwayoyin dai tana haɗiyewa da shayi kowace safiya, tana yatsina fuska. Da yayana ya zo mayar da ita gida, ta ce ya zauna sai bayan Asabar, ta yi wa mutane alkawarin dambu.