Man Citta a Tukunyar Malama

Malamarmu ta kimiyya a Kafanchan tana da juna biyu lokacin da za ta nuna mana yadda ake fitar da mai daga citta. Da ma da wani ruwan kwalba mai warin fetur take yi, wanda ke tsotse man nan da nan. Ranar tana buɗe kwalbar jiri ya ɗebe ta, muka fitar da ita gindin mangwaro muna yi mata fifita.

Mako na zagayowa sai ga ta da tukunya da bututu da dakakkiyar citta daga gonar surukinta. Ta zuba ruwa ta ɗora a risho. Tururin ya bi bututun da muka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya koma ruwa yana ɗiga cikin kofi.

Wata a cikinmu ta ce, "Malama, wannan ai sai an tashi makaranta."

Ta ce, "A tashi mana. Yau dai da ƙafata zan koma gida."

Muka yi ta jira. Can sai ga ɗan mai yana yawo a saman ruwan, ko cokali bai cika ba. Ta miƙa mana kofin tana dariya, kowa ya shanshana.