Taswirar Baba Mai Dorina

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar babana, Gado. Allah ya ji ƙansa. Bai bar mana saniya ko ɗaya ba. Gona ya bari a garinmu Filinge, a bakin dallol, busasshen kwarin nan na hanyar Bankuku, sai wata tsohuwar taswira naɗe cikin bututun kwano.

A Yamai ya samo ta, zamanin yana gadin gidan wani Nasara. Baba bai san baƙi ba, ni ma aji uku na yi a lakwal aka gaji da ni. Amma duk damina, in maƙwabcinmu Baba Arzika ya turo shukarsa taku biyu cikin tamu, sai Baba ya rataya bututun ya nufi iyaka. Ya warware takardar, ya dangwala yatsa.

"Arzika, ga ka nan, ga ni nan. Nasara ya rubuta."

Arzika ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ja da baya.

A tsakiyar takardar akwai ƙaton kogi shuɗi, mu kuwa ruwanmu a rijiya yake. Na taɓa tambaya. Baba ya ce dallol ne tun yana da ruwa, kuma in rufe masa baki.

Bara sai ga ɗan Arzika, Isufu ɗan boko, da waya mai awon ƙasa, wai layi uku na geronmu nasu ne. Da Baba na nan, cewa zai yi a nuna masa inda Nasara ya sa hannu a wayar. Ni dai na ɗauki bututu na tafi meri, ofishin magajin gari. Ma'aikacin ya shimfiɗa takardar, ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Malam, wannan gonakin shinkafa ne na bakin kogin Kwara. Ga ma dorina an zana. Filinge ba ta ciki."

Ashe shekara arba'in da dorinar mutane muke tsaron gona.

Na iske Baba Arzika a kan tabarma, na faɗa masa gaskiya, tunda ba ni da sauran dabara.

"Yaro, rani shida na ci ina tuƙa kwalekwale a Gaya, kan Kwara. Tun ran farko na gane."

"To, Baba, don mi kake ja da baya?"

"Wurin nashi ne mana! Gwadawa nike ko ya manta. In bai fito da takardar ba, da wa zan yi faɗa?"

Ya kira Isufu, ya ce ya maida wayarsa aljihu, iyaka ita ce gambar da suka dasa shi da Gado da hannunsu.

Abin da Baba ya bari ke nan: layin ciyawa, da tsohon da ke kewarsa. Da ruwan shuka ya sauka bana, na tarar Arzika ya turo taku biyu, yana zaune a bakin gamba yana jira. Na koma gida na rataya bututun.