Motar Baba Mai Ihu da Asuba

A Borokiri aka haife ni, bakin ruwa a Fatakwal, a gidan haya mai ɗaki shida da tsakar gida ɗaya. Can ƙarshen baranda Iya, mahaifiyar Babanmu, take da murhunta. Bayan magariba in an sauke tuwo ba ta kashe wutar, sai ta tura guntun itace ta ce mu matso. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini, kuma kullum ni ce a jikin gwiwarta. Iya ba ta ɗaukar gyangyaɗi. Tsinken tsintsiya za ta ɗana maka a ƙafa, ta ci gaba da labarinta.

Shekarar da ƙasa ta rikice ina da shekara tara. Labarin kashe-kashe ya yi ta zuwa daga Arewa, gari ya ɗau zafi, mutanenmu 'yan Arewa suka fara ɗaure kaya. Wasu sun bi jirgin ƙasa, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Baba yana da tsohuwar akori-kura da yake kai albasa kasuwar Creek Road da ita, ya ce a cikinta za mu fita, da asuba, kafin samarin da suka kafa shinge a bakin layinmu su tashi daga barci. Maƙwabcinmu ɗan garin, wani masunci, shi ya raɗa masa cewa jibi za a bi gida-gida ana farautar mutanenmu.

Motar ce matsalar. Kwana biyar ke nan, in an tashe ta da sanyin safiya sai ta kama ihu kamar an danne totur har ƙasa, alhali ba wanda ya taɓa shi. Sai ta yi zafi take sauka. Ihun kuwa har bakin ruwa ana jin sa. Bakanikenmu ya riga ya gudu. Baba ya duba wayar totur, ya sassauta kusar kafireta, ya bi kowane tiyo yana neman inda iska ke shiga. Amma duk da rana yake wannan dube-duben, injin da ɗuminsa, komai lafiya lau. Gari na wayewa ta koma ihunta. Wallahi da idona na ga Baba ya shuri tayar motar nan, mutumin da ko kaza ba ya kora da ƙarfi.

Maraicen ƙarshe ba wanda ya ci abincin kirki. Ana yayyafi, Mama tana ta ɗaure ƙullin da ta riga ta ɗaure, Baba zaune kan buhu ya haɗa kai da gwiwa. Ni dai tsoro nake ji. Sai Iya ta tura itace ta ce mu matso.

"Iya, yau ma tatsuniya?" in ji Baba.

"Ai ba kai na kira ba. Takwara, buɗe kunne, ga wata nan tafe."

Ta ce wai an yi wani manomi mai jaki, jaki mai hankali da bai taɓa ba shi wahala ba. Rana ɗaya jakin ya fara kuka da tirjiya kowace asuba, amma da hantsi ya yi sai ya koma lumui. Manomi ya doke shi, ya rage masa dusa, ya kira masu magani. Su kuwa sai rana ta take suke zuwa, su tarar da jaki yana cin harawarsa, su ce mai shi ne ke da taɓuwa. Har wata tsohuwa mai tallan daddawa ta biyo ta ƙofar gidan. Iya ta maƙale murya irin ta tsohuwar, idonta a kan wuta: "Kai da kake dubawa da rana, me za ka gani? Kuma me ka sa masa da hannunka don tausayi?" Ashe tsohon bargo yake lulluɓa masa saboda sanyi, bargon kuwa cike da ƙarangiya. Da hantsi in an yaye, jaki ya huta.

Gabana ya faɗi. Mako guda kafin nan Baba ya aike ni madafi na ɗebo masa manja a gwangwani, don baƙin mai ya ƙare, iskar bakin ruwa kuma tana sa ƙarfe tsatsa. Ina tsaye ya shafe mahaɗan cok da shi, abin nan da ake ja don injin ya tashi cikin sanyi. Ni kuwa ni ce mai ajiye kwalbar manja gefen murhu kowace safiya don ya narke. Baba a ranar ba fuskar magana, amma na daure.

"Baba," na ce, "manjan nan da na kawo maka, da safe daskarewa yake yi."

Ya zuba mini ido. Ya ɗauki fitila da kananzir da tsumma ya fita. Manjan ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. In ya daskare sai ya riƙe hannun cok, shi kuma ya riƙe totur a buɗe, sai zafin injin ya narkar da shi. Baba ya wanke shi tas har hannun yana komawa da kansa. Sai dai ba halin gwaji. Sai injin ya kwana ya huce, kuma in ta yi ihu, shi ke nan an ji mu.

Da asuba muka kwanta a bayan mota tsakanin ƙullin kaya, an rufe mu da tamfol. Na ji Baba ya yi bisimilla. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama, ya ci gaba da gunaguni ƙasa-ƙasa. Muka sulale. Ta ɓular tamfol na hango gangunan shingen da wani saurayi kwance kan benci, bai ko motsa ba.

Na girma ina ɗaukan labarin jakin nan a matsayin darasi: a duba abu a lokacin da yake ciwo, a kuma fara da abin da hannunka ya yi. Sai da na yi aure a Zariya na tambayi Iya inda ta samo shi, don ban taɓa jin sa a bakin kowa ba. Ta yi dariya ta ce a wurin ta ƙirƙire shi. Tun kwana uku take jin ƙaurin manja in motar ta yi zafi, ta yi wa Baba magana sau biyu, tsoro ya toshe masa kunne, ya ce ta bar masa harkar mota. Na ce to da ban yi magana ba fa?

Dariyar ta ɗauke. "Da an kashe mu, takwara," ta ce. "Shi ya sa ke na kira."